Inda Layin Sunaye Ya Tsaya

A watan Sha'aban da ya wuce, bayan la'asar, wani saurayi ɗan unguwar nan ya same mu a rumfa da takarda a hannunsa. Ya rubuta sunan mahaifinsa, da na kakansa, da na kakan mahaifinsa, daga nan layi ya tsaya. Shi wannan na ukun, duk wanda ya san shi da sunan uwarsa ya san shi. Yaron ya nemi aure, dangin yarinya suka shiga bincike kamar yadda aka saba, sai wani ya raɗa musu cewa wai gidan nan tushensu ba uba. Magana ta tsaya cak. "Malam," in ji shi, "ku taimake ni in gano ko wane ne."

Ba za mu faɗi gidan ba. Amma da yake ba su kaɗai ke da irin wannan gurbi a takardarsu ba, muka ga ya kamata a yi maganar a fili.

Kafin a jefi mamaci da kalmar shege, a tuna da irin zamanin da aka haife shi. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya taso daga Inkil ya kafa garin nan wajen 1809. Kakanninmu Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa suka biyo baya, wasu da fatauci, wasu da rini, wasu da allo. Yaƙi da mutanen duwatsu bai huta ba, ga kuma Ningi da ta daɗe tana kai hari tana kwasar mutane. Mata da yara su ne ganimar da ta fi yawa. Turawa sun shigo Bauchi a 1902. Dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Mutumin da ke cikin takardar yaron nan a tsakiyar wannan hargitsi aka haife shi.

To, kun ga hanyoyin da sunan uba kan ɓace suna da yawa. Akwai yaron da aka kamo shi tare da uwarsa, uban ya faɗi a wurin yaƙi ko ya tsira cikin dutse. Akwai agola da ya tashi gidan mijin uwa. Akwai ɗan riƙo. Akwai ɗan falken da ya tafi Adamawa ko Gwanja bai dawo ba, yaro ya girma cikin dangin uwa ana kiransa da sunanta. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya ga yadda aka sace yaro ya tashi hannun Balarabe, uwar ta bi sawunsa ita ma ta faɗa cikin bauta. Labari ne ƙagagge, amma ɗan ƙasar nan ne ya rubuta shi lokacin da waɗanda abin ya faru a kansu ke raye. Haihuwa ba aure ita ma akwai ta, ba mu musu ba, sai dai ɗaya ce cikin biyar ko shida.

Sannan shari'a ba ta saurin raba ɗa da uba kamar yadda bakin mutane ke yi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a sun yi jayayya gaban Annabi (SAW) kan yaron da baiwar Zam'a ta haifa. Yaron ya yi kama da Utba, ɗan'uwan Sa'adu, kamar an tsaga kara. Duk da haka aka hukunta shi ga gidan Zam'a, don a shimfiɗarsa aka haife shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan da aka haifa wata shida bayan ɗaura aure na miji ne. Matar da aka saka, in ba ta sake aure ba, ana iya jingina cikinta ga tsohon miji har shekara huɗu ko biyar, abin da tsofaffinmu ke kira kwantacce. Yana cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta duba a 2003 ta sallami Amina Lawal. Haka ƙwarƙwara: in ubangijinta ya amsa cikin, ɗanta ɗa ne, yana gado daidai da ɗan uwargida. Sarakuna nawa ne a ƙasar Hausa iyayensu mata ƙwaraƙwarai ne?

Saboda haka muka ce wa yaron ya fara da tambaya biyu: wa ya yanka ragon suna, kuma da aka raba gado, an ba mutumin kaso? Katanga ba ta ƙarya. In sashen da zuriyarsa ke zaune an yanke shi ne daga babban gida, to masu gidan sun amsa shi. Muka kuma faɗa masa cewa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai takardun lardin Bauchi na zamanin Turawa, kuma alƙalan lokacin suna rubuta shari'un fansa da na gado. Sai dai talaka in bai shiga kotu ba, da wuya alƙalami ya taɓa sunansa.

Shi kuwa hankalinsa na kan gwajin jini da ake kira DNA, ya gani a waya. Gaskiya ne akwai wata alama da ke bin maza daga uba zuwa ɗa. Amma gida take nunawa, ba mutum ba. A Amurka a 1998 an gwada zuriyar wata baiwa, Sali Hemins, aka ga jinin gidan shugaba Tomas Jafason a jikokin ɗanta na ƙarshe, amma sai da aka haɗa da takardun gidan kafin masana su ce shi ne, kuma har yau akwai masu cewa ƙaninsa ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna kan batun a 2002. Ta yarda da gwajin inda jarirai suka cakuɗe a asibiti ko ake jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba, ta hana a rushe nasabar da ta tabbata da shi. Ko da gwaji ya nuna wani gida, in ba aure ba mallaka, ba nasaba kuma ba gado. Mu'awiya da ƙarfin mulkinsa ya jingina Ziyadu ga mahaifinsa Abu Sufyan a shekara ta 44 bayan hijira, malamai ba su karɓa ba, littattafan tarihi suka ci gaba da kiransa Ziyadu ɗan ubansa.

Muka tafi tare wurin wata tsohuwa da ta haura tamanin, wadda ta ga mutumin da idonta tana yarinya. Ta ce uwarsa daga dutse aka kawo ta, ta yi aikatau a gidan wasu fatake, kuma ba ta taɓa jin zancen rago ba. Sashen da suke ciki ma, mai unguwa ne ya ba shi fili. Daga nan ta sassauta murya ta ambaci wani suna, ta ce haka ta ji kishiyar uwarta na faɗa.

Yaron ya zaro biro, muka riƙe hannunsa. Shaida ɗaya ce, ita ma ji ta yi daga wadda ta ji. Mutumin da ta ambata jikokinsa na sahun gaba a masallacinmu. Rubuta sunan nan jifa ne da zina ga matattu biyu da ba su da bakin kare kansu, kuma Suratun Nur ta yanke bulala tamanin ga mai irin wannan jifa in bai kawo shaidu huɗu ba. Suratul Ahzab kuwa ta riga ta faɗi matsayin wanda ba a san ubansa ba, ɗan'uwa ne a addini.

Washegari muka je wurin waliyyin yarinya da takardar yadda take, layi uku da sunan mace a sama. Muka ce ga abin da aka tabbatar: mutumin ya yi aure a unguwar nan, ɗansa ya yi, jikansa ya yi, duka da waliyyi da shaidu da sadaki. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya nemi kwana bakwai ya yi shawara. An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Baffan yarinya ɗaya bai zo ba, kuma har yanzu in mun haɗu a kasuwar Wunti gaisuwarsa a taƙaice take.