Giacconi da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Daren 18 ga Yunin 1962, dab da ƙarfe 12, wata ƙaramar roka ta tashi daga filin gwajin makamai na White Sands da ke hamadar jihar New Mexico a Amurka. Kayan da ta ɗauka na'urori 3 ne masu ƙirga hasken eksire, irin hasken nan da ake haska ƙirjin majiyyaci da shi a asibiti har a ga ƙashi. Ta yi sama kilomita 225 sannan ta juyo. Duk lokacin da ta samu na yin aiki, bayan ta haura iskar da ta lulluɓe duniya, sakan 350 ne, ko minti 6 bai cika ba. A ɗan wannan taƙin aka haifi sabon reshe na ilimin taurari.

Jagoran aikin ɗan Italiya ne mai shekara 30, Riccardo Giacconi, ana furta sunan Jakkoni. An haife shi a Jenowa ranar 6 ga Oktoban 1931, ya tashi a Milan a hannun mahaifiyarsa, malamar lissafi da fiziya. Ya gama jami'ar Milan a 1954, ya ƙetara Amurka a 1956, ya ɗan taɓa aiki a jami'o'in Indiana da Princeton, sannan a 1959 wani ƙaramin kamfani mai suna American Science and Engineering ya ɗauke shi. A can ya haɗu da Bruno Rossi, babban malamin fiziya, shi ma ɗan Italiya, wanda ya nuna masa ƙofar da ba wanda ya buɗe: a nemi hasken eksire a sararin samaniya.

Abin da ya sa ba a buɗe ta ba a fili yake. Iskar duniya tana shanye wannan haske kakaf, rahama ce a gare mu, amma mai son ganinsa sai ya kai na'urarsa sama da iskar. Tun 1949 Herbert Friedman da abokan aikinsa sun gano rana tana fitar da shi, sai dai ɗan kaɗan. Masana suka buga lissafi suka ce in haka sauran taurari suke, nisansu ba zai bar na'urorin lokacin su ji komai ba. Shi ya sa kuɗin da rundunar sojan saman Amurka ta bayar, da sunan neman hasken eksire daga wata aka bayar da shi. An yi gwaji sau 2 ba a dace ba, a na biyun ma ƙofofin na'urorin ne suka ƙi buɗewa.

A na ukun, daga wata ba a samu komai ba. Sai a 1990 tauraron ɗan'adam na Jamus mai suna ROSAT ya ɗauko hoton eksire na wata. Amma da rokar ke juyawa, na'urorin sun ci karo da wata matattarar haske mai tsananin ƙarfi ta wajen burujin Kunama, wanda malaman hisabi ke kira Aƙrabu. Aka sa mata suna Scorpius X-1. Sai kuma abu na biyu, wanda bai ja hankalin jama'a kamar na farko ba: duk inda na'urorin suka fuskanta akwai wani ɗan haske shimfiɗe, gabas da yamma, kudu da arewa, ba a san mafarinsa ba. A ganina wannan na biyun shi ne igiyar da ta ɗaure rayuwar Giacconi gaba ɗaya.

Tun 1960 shi da Rossi sun wallafa yadda za a ƙera madubin da zai tattara hasken eksire ya ba da hoto. Matsalar ita ce hasken ba ya dawowa daga madubi irin na kowa, nutsewa yake yi a ciki. Amma duk wanda ya taɓa wurga tsingaro a kwance bisa ruwan kududdufi ya san yakan yi ta tsalle bai nutse ba. Haka hasken eksire yake idan ya shafi madubi a karkace ƙwarai. Don haka madubin ya zama kamar ganga mai buɗaɗɗen baki da gindi, a goge cikinta sumul, hasken ya goga gefe ya taru wuri guda. A 1963 Giacconi da Herbert Gursky suka miƙa wa hukumar NASA tsarin aiki na shekaru, daga roka zuwa tauraron ɗan'adam zuwa babban madubi. Sun ɗauka abin na 'yan shekaru ne.

Mataki na gaba daga Afirka ya tashi. Ranar 12 ga Disamban 1970 aka harba tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa binciken eksire, daga dandamalin San Marco na Italiyawa da ke cikin teku kusa da Malindi a Kenya. An zaɓi wurin ne saboda kusancinsa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ke ƙara wa roka gudu. Ranar ta dace da cikar Kenya shekara 7 da samun mulkin kai, sai aka raɗa masa suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili.

Uhuru ya yi aiki har 1973, ya lissafo matattarai 339. Amma ba yawan ne abin mamaki ba. Akwai wata mai suna Centaurus X-3 da aka ga tana ƙiftawa duk bayan sakan 4.8, kuma duk bayan kwana 2 da 'yan sa'o'i takan ɓace ɗif, ta sake bayyana. Da mutanen Giacconi suka tsananta bincike sai suka gane taurari biyu ne ke zagaya juna. Ɗaya ƙato ne mai rai, ɗayan gawar tauraro ce da ta dunƙule, faɗinta bai fi kilomita 20 ba amma ta fi rana nauyi. Gawar tana zuƙo iskar maƙwabcinta, iskar na gangarowa da gudu, ta yi zafin miliyoyin digiri, ta fitar da hasken eksire. Ɓacewar kuwa husufi ne, lokacin da ƙaton ya shiga tsakani. Uhuru ya kuma nuna yadda hasken Cygnus X-1 ke sauyawa cikin ƙiftawar ido, abin da ya taimaka aka gane ta a matsayin baƙin rami na farko da masana suka yarda da shi, wato wurin da nauyi ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Kafin nan baƙin rami lissafi ne kawai a takarda.

A 1973 Giacconi ya koma jami'ar Harvard. Madubin da ya zana tun 1960 ya hau sama a Nuwamban 1978 a cikin tauraron da aka kira Einstein, tauraron ɗan'adam na farko da ya ɗauki ainihin hoton eksire na abubuwan da ke nesa da rana. A nan ya yi abin da nake ganin ya kai binciken nasa daraja. A da, wanda ya ƙera na'ura shi ke riƙe bayananta. Giacconi ya buɗe ƙofa ga masana na waje su nemi lokacin dubawa, a tace musu bayanan a miƙa musu a shirye. Da aka naɗa shi shugaban farko na cibiyar kula da madubin Hubble a Baltimore a 1981, wannan tsari ya tafi da shi: mai bincike ya riƙe abin da ya samu shekara guda, daga nan ya zama na kowa. Ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet a kowace ƙasa yau yana cin moriyar wannan. Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, ya sha yin takun-saƙa da jami'an NASA a kan 'yancin cibiyar, amma ba a kan abin aljihunsa ba.

Daga 1993 zuwa 1999 ya shugabanci hukumar binciken taurari ta Turai, a zamaninsa aka yi ta aikin gina manyan madubai 4 masu faɗin mita 8.2 kowanne a kan dutsen Paranal na ƙasar Cile.

Duk da haka tambayar 1962, wato mafarin shimfiɗaɗɗen hasken nan, tana nan ba amsa. Tun 1976 shi da Harvey Tananbaum suka nemi a ƙera babban madubin eksire, ba a harba shi ba sai 23 ga Yulin 1999, da sunan Chandra. Giacconi yana da shekara 67 a lokacin. Ya jagoranci tawagar da ta kafa wa wani ɗan fili na sama ido, wanda bai kai faɗin wata ɗan daren sha huɗu ba, har tsawon sakan miliyan 1, kwana 11 da 'yan kai ke nan. Sai shimfiɗaɗɗen hasken nan ya warware ya zama ɗigo-ɗigo sama da 300, kamar yadda hasken gari daga nesa yake zama fitilu ɗaiɗai idan matafiyi ya matso. Akasarinsu manya-manyan baƙaƙen ramuka ne a tsakiyar garkunan taurari masu nisan gaske, suna haɗiyar iska suna feso haske. Kusan shekara 40 ke nan tsakanin tambayar da amsarta, kuma mutumin da ya fara yin tambayar shi ya amsa ta da madubin da ya zana.

A 2002 aka ba shi rabin kyautar Nobel ta fiziya, Raymond Davis da Masatoshi Koshiba suka raba ɗaya rabin. Ya rasu a San Diego ranar 9 ga Disamban 2018, yana da shekara 87, Chandra kuwa yana can sama yana ci gaba da aiko da hotuna.