Kasuwar Shuwarin

Shuwarin kasuwar mako ce da ke ci ranar Litinin a ƙaramar hukumar Kiyawa, daf da Dutse, babban birnin Jigawa tun 1991. Ana hadahadar gero, dawa, wake, riɗi, dabino da dabbobi.

Da kaka hatsi na araha, domin ƙaramin manomi na sayarwa don biyan bashin taki, 'yan kasuwa kuma su saye su adana har tsakiyar damina, lokacin da tiya ke tsada. A gaskiya riba ta mai rumbu ce. Dillalai na karɓar la'ada kan kowane buhu, masu sari kuma na kwatanta farashi da na kasuwar Dawanau ta waya. Cire tallafin fetur a 2023 ya ƙara kuɗin mota, farashin abinci ya bi sahu.