Zobon Ƙasar Zurmi, Daga Gefen Gona Zuwa Gorar Roba

Sure, wato yakuwa, bai saba samun gona tasa ta kansa ba a ƙasar Zurmi ta da. A gefen gero da dawa ake shuka shi, ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, amfaninsa kuma na mata ne. Ganyen a yi miya da kwaɗo, ƙwayar a dafa a rufe ta zama daddawar batso, jan soɓorodon kuwa a shanya shi bayan kaka. Ba a rasa masu jiƙawa su sha, amma fura da kunu ne ke riƙe da ƙwarya.

Abin da ya ɗaga zobo sukari ne da sanyi. Da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen hanya: jirgi ya kwashi gyaɗa da auduga, ya sauke kayan kanti. Sukari ya yi ta sauƙi a hankali. Daga baya lantarki ya kawo firji, 'yan mata suka fara tallan ƙulli a leda, yau kuma gorar roba. Ko da Shari'a ta fara aiki a Zamfara a 2000 aka rufe gidajen giya, zobo ya riga ya zauna daram a buɗe-baki da suna da walima.

Mutanen Bodo a Faransa na taƙama da haɗa inabi iri-iri domin giyarsu. Mu ba ma sha, amma sanin haɗi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Gwaggona ba ta taɓa yin zobo da iri ɗaya ba. Baƙin, in ji ta, launi gare shi da kauri, amma bakinsa a mace yake. Jan mai haske shi ke da tsami, sai dai shi kaɗai yana kashe haƙori. Sai ta ɗebi baƙi hannu uku, ja hannu ɗaya, ta ɗauraye ƙasar, ta jiƙa su kwana. Citta da kanumfari da ɗan masoro daban take tafasawa, ta tace, sannan ta haɗa. Zaƙin na mazarƙwaila ne, kaɗan. In ka kurɓa, tsami ne zai fara gaishe ka, ƙamshin kanumfari ya biyo, yajin citta ya tsaya a maƙogwaro har ka aje kofi. Kanwa kuwa ba ta yarda da ita ba sam, domin tana kashe tsami ta dusashe launi.

Wannan ɗanɗano nake nema a zobon yanzu, na kasa samu. Garin ƙamshi na kanti da tulin sukari sun rufe komai, har yaro ya tashi bai san zobo na da tsami ba.

A kasuwar Shinkafi ta Alhamis, tsofaffi kan damƙi soɓorodo su saurara: in ya yi ƙaras, sabo ne kuma ya bushe, in ya lanƙwashe, an yayyafa masa ruwa ko ya kwana a danshi. Yanzu masu wannan kunne dillalai ne, domin zobon Arewa ya zama hajar fita waje, musamman zuwa Meksiko, kuma mai kyan suke fara tsincewa. Ga gonakin nesa da 'yan bindiga suka hana nomawa. Tiyar da na saya a Ƙaura bana, mai ita ya ce daga Jigawa aka kawo.