Rumun Ndur: Haifaffen Zariya da ya taka ƙanƙarar Amurka

A Gummi ko Anka, idan aka ce ƙanƙara, abin da ke zuwa zuciya shi ne dunƙulen da ake saye da yamma a watan azumi, ko wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina ta ɓarnata shuka. Amma ɗan Najeriya na farko da ya buga gasar NHL, wato babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, a Zariya aka haife shi, ranar 7 ga Yuli, 1975. Sunansa Rumun Ndur.

Yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada, ya tashi a lardin Ontariyo, inda yara ke koyon sulɓi a kan ƙanƙara kusan tare da koyon tafiya. Wasan na mutum shida ne a kowane ɓangare, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Ndur ya zama ɗan baya a ƙungiyar matasa ta Guelph Storm. A 1994, lokacin zaɓen sabbin 'yan wasa, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauke shi a matsayi na 69. Ta fara tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta Rochester, inda suka ci kofin Calder a 1996.

Daga nan ya shiga NHL. Ya buga wa Buffalo, sannan New York Rangers, sannan Atlanta Thrashers a kakar 1999 zuwa 2000. Jimillar wasanninsa 69, ya zura ƙwallo 2, ya taimaka aka zura 3, kuma ya shafe minti 137 a bencin horo.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne ke bayyana aikin da aka ɗauke shi ya yi. A gasar NHL ba a korar ɗan wasa daga fili don ya yi dambe. Alƙalai kan ja baya har mutum biyu su gama naushin juna, sannan a ba kowanne horon minti biyar. Saboda haka kusan kowace ƙungiya a wancan zamani tana ajiye wani ƙaƙƙarfa, mai aikin tsare taurarinta: duk wanda ya taɓa gwanin ƙungiya, da shi zai haɗu. Wanda ya san dandalin dambe zai gane martabar irin wannan mutum a wurin 'yan kallo. Sai dai ɗan dambe shi ne tauraron dandalinsa, shi kuwa wannan dogarin wasu ne.

Bayan NHL, Ndur ya ci gaba a ƙananan gasanni da Turai, har da Coventry Blaze ta Ingila. A kakar 2004 zuwa 2005, wadda aka soke gasar NHL gaba ɗaya saboda rikicin albashi, ya buga wa Danbury Trashers, ƙungiyar da ta yi ƙaurin suna wajen faɗa, wadda Netflix ta yi fim a kanta a 2021.

Sana'ar tasa kuwa ta riga ta kama hanyar gushewa. Dokokin da aka kawo a 2005 sun fifita gudu da gwaninta. A 2011 Derek Boogaard, ɗaya daga cikin fitattun masu wannan aiki, ya rasu yana da shekara 28, likitoci kuma suka gano a ƙwaƙwalwarsa cutar da yawan bugun kai ke haddasawa. Ƙungiyoyi suka rage ajiye 'yan wasan da dambe ne kaɗai jarinsu.

Tun 1958 Willie O'Ree ya zama baƙar fata na farko a NHL, amma hanyar ba ta yi faɗi ba. Akim Aliu, haifaffen Okene, ya bi sawun Ndur, kuma a 2019 ya fallasa kalaman wariyar launin fata da wani koci, Bill Peters, ya taɓa jifansa da su, har kocin ya ajiye aikinsa a Calgary Flames.

Zariya ta ba Ndur wurin haihuwa, filayen ƙanƙara da masu horarwa na Ontariyo suka mai da shi ɗan wasa. Wannan ne ya kamata mu riƙe duk lokacin da muka tashi yin alfahari da 'ya'yanmu da suka yi suna a waje, alhali yaran Bukkuyum da Gummi suna buga ƙwallo a kan turɓaya ba mai horar da su.