Bashin da Ya Kai Amurka Ramukan Faransa

Duk sanda na koma kan tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka ce ke ɗaure mini kai. A watan Agusta na 1914, da Turai ta kama da wuta, Shugaba Woodrow Wilson ya ce ƙasarsa 'yar ba-ruwanmu ce. Da wannan ya sake cin zaɓe a 1916, magoya bayansa na yi masa kirari da cewa shi ya hana a jefa su yaƙi. Wata biyar kacal bayan zaɓen, sai ga shi a gaban majalisa yana neman iznin yaƙar Jamus.

An fi ɗora alhakin a kan Lusitania, jirgin fasinjan Ingila da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar ranar 7 ga Mayu, 1915. Mutum 1,198 suka halaka, 128 Amurkawa ne. Ran jama'a ya ɓaci, amma an yi kusan shekara biyu Amurka ba ta ɗaga bindiga ba. Ni dai a littafin bashi nake ganin bakin zaren.

Sojin ruwan Birtaniya sun toshe hanyar tashoshin Jamus, don haka alkama da auduga da ƙarfe da harsasan Amurka suka koma Ingila da Faransa. Da kuɗin masu saye ya fara ƙarewa, sai aka koma rance. A 1915 bankin J.P. Morgan ya haɗa musu dala miliyan 500 a tashi ɗaya. Zuwa farkon 1917 bashin ya haura dala biliyan 2, alhali abin da aka ranta wa Jamus bai kai miliyan 30 ba. Ko a kasuwar ƙauye, wanda ya ba ka kayansa bashi ba ya fatan ka karye. Jamusawa sun lura da haka. Daga 1 ga Fabrairu, 1917 suka ce duk jirgin da ya doshi Ingila, ko na wane ne, za su nutsar da shi, bisa lissafin cewa yunwa za ta durƙusar da Ingila kafin sojan Amurka ya iso.

Sai kuma wautar Arthur Zimmermann, ministan harkokin wajen Jamus. Ya buga wa Meziko waya a asirce cewa in ta mara musu baya, za a taimaka mata ta ƙwato Texas da New Mexico da Arizona. 'Yan leƙen asirin Birtaniya suka warware saƙon. Wasu Amurkawa suka ce ƙagen Ingila ne, sai shi Zimmermann ya fito da bakinsa ya ce nasa ne.

Ranar 6 ga Afrilu aka shelanta yaƙi. Cikin 'yan majalisar wakilai 50 da suka ƙi yarda har da Jeannette Rankin, mace ta farko da ta shiga zauren. Sojan Amurka ba su da yawa a lokacin, sai aka yi dokar ɗaukar samari dole. Kimanin miliyan 2 suka ƙetare teku a ƙarƙashin Janar John Pershing. Fiye da 116,000 suka mutu, kuma sama da rabinsu ba harsashi ne ya ci su ba, akasari cuta ce, musamman annobar murar 1918.