Lissafin Ohm a Kan Hanyar Kainji

A 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Bajamushe Georg Ohm ya wallafa ƙa'idarsa: a raba bolt da amfiya, a sami turjiyar waya. Bolt sau amfiya kuwa shi ne wat.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, wannan lissafi ne ya tsara tafiyar wuta. Doguwar waya tana cinye wani kaso, kuma in amfiya ta ninka biyu, asara ta ninka huɗu. Shi ya sa ake ɗaga bolt domin amfiya ta ragu: 330,000 zuwa Birnin Kebbi, 132,000 zuwa Sakkwato.

Saboda haka, in ƙwan lantarki ya yi ja a gari irin Danchadi, a fara duba kaurin waya da nisan taransifoma.