Kason Kansila a Birnin New York

A birnin New York, ƙungiyar da ke yi wa yara bitar karatu bayan an tashi daga makaranta, ko mai horar da su ƙwallon kwando, ƙofa biyu take da ita idan tana neman kuɗin hukuma. Ta farko gasa ce: ma'aikatar kula da matasa ta fitar da sanarwa, kowa ya kawo takardunsa, a duba a ba da maki. Ta biyu ƙofar kansila ce, wanda ake ware wa kaso a kasafin shekara ya raba wa ƙungiyoyin mazaɓarsa yadda ya ga dama. Wannan ta biyun ce na daɗe ina bin labarinta.

Kafin 1989 majalisar birnin ba ita kaɗai ke riƙe da kasafin kuɗi ba, akwai wata hukuma da ta fi ta ƙarfi. A shekarar ne Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin hukumar ya saɓa wa kundin mulki, domin Brooklyn mai miliyoyin jama'a ƙuri'arta ɗaya ce da ta Staten Island mai mutane kaɗan. Aka rushe ta, iko ya dawo majalisa, kujeru suka ƙaru daga 35 zuwa 51. Sai dai wuƙa da nama a hannun kakakin majalisa suka tsaya, shi ke yanke nawa kowane kansila zai samu.

A watan Afrilun 2008 asiri ya tonu. Ashe majalisar ta yi shekaru tana rubuta sunayen ƙungiyoyin bogi a kasafi, ta ajiye kuɗi a ƙarƙashinsu, daga baya a kwaso a raba ba tare da an sake komawa zaure ba. Daga 2001 kuɗin sun haura dala miliyan 17. Kakakin lokacin, Christine Quinn, ta ce ta riga ta ba da umarnin a daina, kuma ba a tuhume ta da laifi ba. A watan ne aka gurfanar da ma'aikata biyu na wani kansilan Brooklyn bisa wawure kusan dala 145,000 daga wata ƙungiyar da aka ce ta koyar da yara ce. Kansila Miguel Martinez ya amsa laifi a 2009, aka ɗaure shi shekara biyar. Larry Seabrook na Bronx, wanda ya riƙa tura kuɗi ga ƙungiyoyin da ke biyan 'yan uwansa albashi, shi ma shekara biyar aka yanke masa.

Satar ita ta cika jaridu, amma ni ba ita ta fi damuna ba, ɓarawo dai ana kama shi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya halal ne a doka. Kansilan da ke ɗasawa da kakaki ya kwashi kaso mai tsoka, wanda ya yi masa gardama a rage masa. Peter Vallone na Queens ya fito fili ya yi ƙorafin an zaftare masa kaso bayan ya ƙi goyon bayan sa wa gadar Queensboro sunan tsohon magajin gari Ed Koch a 2011. To ina ruwan yaron da ke jiran malamin lissafi da sunan gada? Babu wanda ya duba aikin ƙungiyarsa ya ce bai yi ba. Ƙuri'ar kansilansa ce aka hukunta, shi ya biya.

Bayan badaƙalar aka shigo da tantancewa: a wallafa sunan kowace ƙungiya da na kansilan da ya tsaya mata, a bayyana idan akwai dangantaka, a binciki takardu kafin a saki ko sisi. Gyara ne, ban musa ba. Amma babbar ƙungiya mai akanta da lauya takarda ba ta ba ta tsoro, ƙarama kuwa, wadda mutum biyu ke ɗawainiya da ita bayan sun taso daga aiki, nan take sarewa. Ga shi kuma sai ka kashe naka tukuna hukuma ta mayar maka, marar abin hannu kuma bai iya jira.

A 2014, ƙarƙashin kakaki Melissa Mark-Viverito, majalisar ta sauya ƙa'ida: a raba wa kansiloli daidai wa daida, a ƙara wa mazaɓun da talauci ya fi yawa. Kakaki dai bai rasa nasa kason ba. Tun 2011 kuma wasu kansiloli huɗu suka fara barin mazauna unguwa su zaɓi abin da za a yi da aƙalla dala miliyan ɗaya, yanzu har ɗan shekara 11 yana jefa ƙuri'a. Kuɗin gini ne da kayan aiki, irin gyaran filin wasa ko sayen kwamfutoci. Albashin mai koyar da yaran bai shiga ciki ba.